Wutar Etelvina Daban Ce

Ranar Juma'a da hantsi taransfomar da ke kan falwayar kwanar layi ta yi tari sau ɗaya, ta tofar da tartsatsi, ta yi shiru. Fankoki suka tsaya, rediyon mai aski ya yanke waƙa a tsakiya. A unguwar Carrizal ba wanda ke tambayar me ya faru in ya ji wannan ƙarar. Mata dai suka fara jawo kujeru masu lilo zuwa baranda, don zafin Barranquilla ba ya jira a gama mamaki.

Doña Etelvina Barraza tana kicin tana ƙulla boli, ruwan tsamiya da na kwakwa a 'yan ledoji, wanda take daskararwa ta sayar wa 'yan makaranta. Ta ji ƙarar, ta yi ɗan murmushin wanda abu bai shafa ba. Sai kunnenta ya gaya mata wani abu. Babbar firizarta, wadda gunjinta ya zama kamar numfashin gidan, ita ma ta yi shiru.

Ta danna makunnin fitila. Ta sake dannawa, da ƙarfi, kamar laifinsa ne. Babu.

Abin da ya sa wannan ya zama masifa ba ƙarama ba, bakin Etelvina ne. Kwanan baya wani saurayi mai farar riga da ƙamshin turare ya zo ya gaya mata doka ta ba ta dama ta bar tsohon kamfanin wuta, ta koma wani sabo mai sauƙin kuɗi. Iyakar abin da yaron ya faɗa ke nan, a yi masa adalci. Sauran ita ta ƙarasa da kanta. Ta bi layi gida gida tana shelar ta fita daga bauta, wutarta yanzu daban ce, daga Bogotá ake turo mata, ba ta san ɗaukewa ba. Ranar da aka zo canza mita har sallama ta yi wa Wilfrido, shugaban ma'aikatan tsohon kamfani, ta ce ya kalli ƙofarta da kyau don kallon ƙarshe ne.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Shekaru da dama, duk ranar da aka ɗauke wuta aka ƙi kawowa, Etelvina ce ke jagorantar tare mota. Aikin yana da ƙa'ida: in motar ma'aikata ta ratso unguwa, mata su jera kujeru gaba da baya su zauna. Ba a taɓa ma'aikaci, ba a zagin uwarsa, a ba shi inuwa da kofi mai zafi, amma mota ba ta motsi sai fitila ta kama. Kowa na iya ɗauko kujera, amma ba kowa ke da bakin da zai riƙe ƙarti huɗu har su ɗauko tsani ba. Etelvina kaɗai ke da shi a layin. To da ta samu sabuwar mita sai ta ce ta yi ritaya, kowa ya ji da kamfaninsa.

Tana tsaye hannu a kan makunni ta ji murya daga tsallaken layi.

"Komadre, kina ciki?"

Temilda ce, wadda ta riƙe wa Etelvina ɗanta na fari ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre. Tun suna amare suke zaune ƙofa da ƙofa, kullum cikin faɗa, kuma ba wadda ke iya cin abu mai daɗi ba ta aika wa ɗayar ba.

Etelvina ta leƙo ta taga.

"Namu ya tafi," in ji Temilda, tana fifita da murfin tukunya. "Naki fa, na Bogotá?"

Da Etelvina ta ɗan dakata, da ta yi dariya ta ce an gudu ba a tsira ba, a wuce wurin. Amma mata biyar ne a barandar Temilda, duk sun zuba mata ido, kuma bakinta ya saba riga hankalinta fita.

"Nawa lafiya lau," ta ce. "Sanyin fanka ma ya fara damuna. Ku je ku nemi motarku."

Temilda ta dube ta. "Madalla," ta ce. "Allah ya ƙara sanyi."

Etelvina ta ja labule, ta juya ta ga mijinta Dagoberto, tsohon direban bas, yana zaune da singileti yana kallonta kamar yadda yake kallon fasinjan da ya shiga motar da ba tasa ba.

"Kada ka ce komai," ta ce.

"Ban ce ba."

"Tashi ka sa batir a rediyo. Ka ƙure murya."

Ya yi. Sai ta kalli labulen falo ta ga yana tsaye ƙiƙam, alhali duk layin sun san fankarta a bayansa take, in tana aiki labulen rawa yake yi. Ta yago gefen kwalin sabulu ta miƙa masa, ta zaunar da shi a ƙasa bayan labule. Haka Dagoberto, mutumin da ya yi shekara talatin yana ratsa gari da bas, ya koma fanka.

Ita kuwa ta shige ɗaka ta kira sabon kamfani. Bayan an gama sa mata kiɗa, wata yarinya mai lallausar muryar mutanen Bogotá ta ɗauka, ta ce sun yi matuƙar baƙin cikin jin wannan, sun kuma gode da ta zaɓe su.

"'Yata, ajiye godiyar. Yaushe motarku za ta zo?"

"Señora, ai mu ba mu da mota."

"Tsani fa?"

"Ba mu da tsani. Mu wuta muke saye mu sayar miki. Wayoyi da falwaya da taransfoma duk na kamfanin da ke kula da yankinku ne, su ke gyara. Zan tura musu ƙorafinki yanzu."

"Wane kamfani ke nan?"

Yarinyar ta faɗi sunan. Etelvina ta zauna a bakin gado.

"Su na bari fa. Na yi musu sallama a gaban jama'a."

"Kin bar sayen wuta a hannunsu, señora. Wayar kuwa tasu ce har gobe."

"To ni me na canza?"

Yarinyar ta ce farashi ya ragu, kuma takardar kuɗin yanzu koriya ce. Daga falo Dagoberto, wanda bangon gidan bai taɓa ɓoye masa komai ba, ya ce, "Kwandasta kika canza, Etel. Direba da mota suna nan."

"Kai dai yi fifita," ta ce.

Ba ta gama haɗiye wannan ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe kaɗan, ta cika ƙofar da jikinta. Temilda ce, rungume da wani ƙunshi mai nauyi a baƙar leda, an naɗe shi an ɗaure tam da igiya.

"Komadre, Allah ne ya sa kika canza kamfanin nan. Naman baftismar jikata ne, na jibi. Haƙarƙari da ƙirji, duk na sancocho, farfesun biki. Tun Kirsimeti nake tara masa. In ya yini a gidana a zafin nan, sai dai ungulu su yi bikin. Sa min a firizarki."

Etelvina ta ji nauyin ƙunshin ya sauka a hannunta. Ta san jaririyar. Ita ta yi mata wankan farko, don uwar yarinyar ta sha wuya wajen haihuwa, har an fid da rai. Temilda ta yi alkawari a coci in an tashi lafiya za ta ciyar da layin kaf ranar baftisma. Wannan naman shi ne alkawarin.

"Kawo," in ji Etelvina, murya ƙasa ƙasa. "Ai wuri ne da ni."

Magana ba ta kwana a Carrizal, ko yini ba ta yi. Kafin rana ta take, matar mai aski ta kawo nata ƙunshin, wai kifi ne ɗan'uwanta ya aiko daga Ciénaga. Wata ta kawo kaji. Tsohuwar da ke gidan kwana ta kawo abu a tukunya an ɗaure murfin da tsumma. Kowace ta miƙa daga bakin ƙofa, ta yi godiya, ta leƙa ta kan kafaɗar Etelvina ta yaba yadda labule ke kaɗawa. Etelvina tana karɓa tana murmushi, zufa na bin bayanta kamar an buɗe famfo.

Ta tashi Dagoberto daga aikin fanka ta tura shi ta ƙofar baya ya sayo ƙanƙara, ta ce kada ya saya a kusa, ya tsallaka babban titi inda ba a san shi ba. Ita ta karɓi kwalin. Ya dawo da manyan dunƙule biyu a buhu, rabinsu ya zube a hanya. Suka fasa suka jera a kan naman Temilda, suka kwashe bolin da ya riga ya koma ruwa don a samu wuri. Ba a jima ba ruwa ya fara bin ƙasan firiza, ya ratsa falo, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya gangara baranda.

"Komadre, gidanki na zuba," in ji Temilda daga tsallake.

"Goge ƙasa nake."

"Da tsakar rana? Kai, mai wuta ya ji daɗinsa."

Dagoberto ya sake zuwa ƙanƙara, ya sake zuwa. A dawowa ta uku ya zauna a kan buhun ya ce gwiwarsa ta yi murabus. Etelvina ta ɗaga murfin firiza ta sa hannu. Iskar ciki ba sanyi ba zafi, irin ta ɗakin da aka rufe. Ta matsa ƙunshin Temilda ta ji yana nan da tauri, ta gode wa Budurwa Maryamu, amma ta san taurin nan ba zai kai gobe ba.

A nan tsoro na gaskiya ya kama ta. Kunyar a gane ta yi ƙarya tana nan, amma ta koma ƙarama. Abin da take gani shi ne safiyar Lahadi, Temilda ta kwance igiya a gaban baƙi, wari ya tashi, kuma a ce a gidan komadre ya lalace. Tana iya jure dariyar layin har ta mutu. Fuskar Temilda a wannan safiyar ce ba za ta iya jurewa ba.

Tana cikin wannan ta ji matar mai aski tana faɗa da ƙarfi, da ƙarfin da ya wuce buƙata, wai an ga motar kamfani a bakin kantin magani, ma'aikata na cin abinci, da sun gama za su wuce wata unguwa.

"Sai mu kwana uku a duhu ke nan," in ji Temilda. "Wa zai tare su? Ni dai bakina bai kai ba."

Etelvina ta cire rigar aiki, ta sa mai furanni wadda take zuwa coci da ita, ta shafa hoda a kan zufa, ta ɗauki kujerarta ta roba. Da ta fito baranda ta ja ƙofa ta rufe da sauri.

"Ba don kaina ba," ta ce wa layin. "Ni wutata na nan. Tausayinku ne ya hana ni zama."

Ba wadda ta yi musu. Abin mamaki ma, kowace kujerarta na kusa da hannunta, kuma kofi ya riga ya dahu a filas.

Sun tarar da a-kori-kurar kamfani a inuwar bishiyar mangwaro, tsani a samanta. Kafin ma'aikatan su gama suɗe cokali, kujeru sun jeru gaba da baya, Etelvina a tsakiya, gwiwarta na taɓa lambar mota. Wilfrido ya fito daga rumfar mai abinci yana sakace, hular kwano a hammata. Da ya gan ta sai ya tsaya, ya washe baki.

"Doña Etelvina. Na ɗauka mun rabu."

"Mun rabu. Zumunci na kawo."

"Da kujera?"

"Ƙafata ke ciwo. Temilda, zuba wa yaron nan kofi, ya rame."

Wilfrido ya karɓi kofin, don ya san ƙa'ida kamar yadda suka sani. Ya ce layinsu ba ya cikin aikin yau, daga ofis ake tsara musu, akwai unguwanni a gabansu. Etelvina ta ce ta yarda, ofis ya fi kowa sani, su kuma ba sa sauri, za su zauna har ofis ya tsara. Ta tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, wadda suke sayen kifi wuri ɗaya, ta ce za ta so ta ji ɗanta ya bar tsofaffi cikin zafi jaririya na jiran baftisma. Ta tuna masa ranar da ruwan sama ya kama shi a kan falwaya, waye ya ba shi tawul da miya. Ta yabi takalminsa. Ta ce wa direban ya kashe inji kada ya ɓata man kamfani. Duk wannan ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta bar wata 'yar kafa da mutum zai sa baki ba.

Wilfrido ya sunkuyo kamar zai ajiye kofi, ya yi ƙasa da murya.

"Gaya min gaskiya, doña. Har firizar ta narke?"

Ta dube shi ido cikin ido, ita ma ta yi ƙasa da murya. "In ka buɗe bakin nan, sai na gaya wa uwarka inda kake kai albashinka ranar Asabar. In ka rufe, boli kyauta har Ista."

"Na kwakwa?"

"Na kwakwa."

Ya miƙe ya sa hular kwano, ya juya ga jama'a. "Ku ji tsoron Allah ku riƙe matar nan da kyau," ya ce. "Ga ta da wuta a gida, wutar Bogotá, amma ta fito rana saboda ku." Mata suka tafa, suka yi ta tafawa har abin ya ɗan yi wa Etelvina yawa. Wilfrido ya kira ofis ya ce an tare shi a Carrizal, kamar yadda yake faɗa duk lokacin da aka tare shi a Carrizal, aka janye kujerun gaba, mota ta bi layi a hankali mata na biye da ita.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Fis ne ya ƙone a saman taransfoma, suka sa doguwar sanda suka sauke, suka canza, suka mayar. Rana na shirin faɗuwa fankoki suka motsa, rediyon mai aski ya ci gaba da waƙa, yara suka yi ihun da suke yi kullum. Etelvina ba ta tsaya karɓar godiya ba. Ta bar kujerarta a titi ta shige gida.

Firiza na gunji. Ta ɗaga murfi, ta ciro ƙunshin Temilda daga cikin ruwan ƙanƙara, ta kai hanci. Ba wari. Amma hancin mai tsoro ba abin yarda ba ne, sai ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyar, ta warware leda ta farko, ta biyu, ta uku.

Rogo ne. Manya manya, da ƙasarsu, sun yi sanyi ƙarara.

Ta tsaya tana kallo. Ta jawo kifin Ciénaga ta kwance, agada ce ɗanya. Kajin kuwa masara ce. Tukunyar tsohuwar gidan kwana kuwa kabewa ce guda, ko yankawa ba a yi ba. Dagoberto ya leƙo ta kan kafaɗarta, ya dubi rogon, ya dubi gwiwarsa, ya fita baya. Ta ji shi can yana wani sauti, ba ta tantance ko dariya ce ko kuka ba.

"Ya yi sanyi?"

Temilda ce a ƙofar kicin, riƙe da kujerar da Etelvina ta bari a titi.

Etelvina ta ajiye wuƙar. Ba ta taɓa jin an yi mata irin wannan ba, kuma abin ya yi mata zafi ƙwarai. "Tun yaushe kuka sani?"

"Komadre, waya ɗaya ce ta sauko daga falwaya ta rabu biyu, ɗaya gidana ɗaya gidanki. Kullum a kanta tsuntsaye ke yi mana kashi. Kuma fankar da ke tsayawa ta yi tari ta canza hannu, ni dai ban taɓa gani ba ko a Bogotá."

"Yini guda ina sayen ƙanƙara saboda rogo. Bolina duk ya narke. Mijina ya gurgunce. Ni kuwa raina ya kusa fita saboda naman jikarki, Temilda. Har hawaye na yi a kan firizar nan."

Temilda ta ajiye kujerar, dariyar ta bar fuskarta. "Da mun zo mun roƙe ki, da kin fito?"

Etelvina ta buɗe baki ta rufe. Wannan karon hankalinta ya riga shi.

"Da ban fito ba," ta ce.

"To. Don kanki ma ba za ki fito ba, da kin gwammace ki narke a ciki ke da mijinki. Na zauna na yi tunani, me zai fito da matar nan? Sai na ga abu ɗaya ne. Na san ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ki bar bikin yarinyar nan ya lalace a hannunki ba."

Etelvina ta juya baya ta hau kwashe rogo daga ruwa, don kada a ga idonta. Ta ɗauki lokaci tana jera su a kan tebur kamar wani aiki ne mai muhimmanci. Sai da muryarta ta dawo daidai ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"To naman fa? Na gaskiyar. Kawo shi yanzu, ga firiza ta tashi."

"Yana wajen mahauci, sai gobe zan karɓo," in ji Temilda. "Haba komadre. Wa zai kai nama gidan da babu wuta?"